Makirufo biyar da kunnen jama'a: yadda aka karɓi kundin Illmatic

A ranar 19 ga Afrilu, 1994, kamfanin Columbia ya fitar da kundin waƙoƙi na farko na wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Nasir Jones, wanda duniya ta fi sani da Nas. Sunan kundin Illmatic. Waƙoƙi goma ne a ciki, idan aka cire gabatarwa saura tara, kuma duka-duka bai cika minti 40 ba. Tun kafin ya iso kanti, mujallar The Source, wadda a lokacin da bakinta ake yanke hukunci a harkar gambarar zamani a Amurka, ta riga ta ba shi makirufo biyar, wato maki mafi girma a ma'auninta. Da aka buɗe kasuwa sai ciniki ya zo tsaka-tsaki: kwafi wajen dubu 60 a makon farko, matsayi na 12 a jadawalin cinikin kundaye na mujallar Billboard. Wata biyar kafin nan, Snoop Dogg ya sayar da sama da kwafi dubu 800 na nasa kundin farko a mako guda.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ana jan wannan magana. Wasu na cewa ba a taɓa yin kundin gambara kamarsa ba. Wasu na cewa zuzutawa ce ta yi yawa. Wasu kuma, musamman waɗanda aka haifa bayan fitowarsa, sukan saurara sau ɗaya su ce ba su ji abin da ake yi wa kururuwa ba. Ni ina cikin masu ganin yabon ya dace da aikin. Sai dai na daɗe da lura cewa yawancin gardamar tana tasowa ne daga ɗaukar masu sauraro tamkar mutum guda mai kunne guda. Wanda ya ji Illmatic a kaset ɗin sata a Queens a farkon 1994, da wanda ya ji shi a mota a Kalifoniya a shekarar, da mawaƙin da ya zauna yana ƙirga gaɓoɓin baitocinsa, da ɗalibin da ya buɗe shi a waya a Kaduna ko Yamai saboda an ce masa dole ne ya san shi, kowa da abin da ya shiga kunnensa, ko da yake sautin bai canja ba.

Sai an fara da unguwar. Queensbridge rukunin gidajen gwamnati ne na masu ƙaramin ƙarfi a yankin Queens na birnin New York. An buɗe shi a 1939, gine-gine 96 ne masu ɗauke da gidaje sama da 3,000, a gindin gadar da ta haɗa Queens da Manhattan, kuma babu rukunin gidajen gwamnati da ya kai shi girma a Amurka. Mazaunansa suna hango benayen masu kuɗi a tsallaken kogi. Nas ya girma a nan daidai lokacin da kirak, wato hodar iblis da ake dafawa ta daskare, ta mamaye unguwannin baƙaƙen fata. A 1990 kaɗai an kashe mutum 2,245 a birnin. Nas ya bar makaranta bayan aji takwas. A watan Mayun 1992 aka harbe babban amininsa, Ill Will, har lahira, aka kuma raunata ƙanen Nas a harin. Unguwar tana da tarihin waƙa tun kafin shi, domin Marley Marl da MC Shan da mawaƙiya Roxanne Shanté duk 'yan can ne. Amma a 1987 KRS-One na Bronx ya yi musu zambo mai zafi, har aka riƙa cewa zamanin Queensbridge ya wuce. Saboda haka masu sauraron farko ba 'yan ba-ruwanmu ba ne. Suna da miki, suna kuma neman wanda zai ɗaga musu kai.

Kuma sun daɗe suna jira. Tun 1991, yana ɗan shekara 17, Nas ya yi baiti guda a wata waƙar ƙungiyar Main Source, baitin ya zaga birnin. A 1992 ya fitar da "Halftime" cikin waƙoƙin wani fim, mawaƙi MC Serch ya ɗauki nauyinsa, Faith Newman ta kamfanin Columbia ta sa shi ya rattaba hannu da su. An fara kiransa Rakim na biyu, wato magajin gwanin baitin da ya yi fice tun shekarun 1980, tun bai fitar da kundi ba, kuma a wancan lokaci babu kirarin da ya fi wannan nauyi ga mai rubuta baiti. Ɗokin ya yi yawa har kaset ɗin ya ɓulla a titi kafin ranar da aka sa. MC Serch ya taɓa ba da labarin wani gareji da aka gano maƙare da kwafin sata wajen dubu 60. Wannan yana cikin abin da ya sa kamfanin ya gaggauta fitar da kundin da 'yan waƙoƙin da aka gama. Akwai abin lura a nan game da alƙaluman makon farko. Tun 1991 Billboard ya koma dogaro da na'urar SoundScan, wadda ba ta ƙirga komai sai abin da ya bi ta kan teburin biyan kuɗi a kanti. Mutanen da suka fi kowa ƙaunar kundin, yaran unguwa da suka sayi kaset a gefen titi ko suka kwafa daga na aboki, ba su shiga lissafi ba. Wanda ya ce jama'a ba su karɓi Illmatic da farko ba, ya kamata ya faɗi wace jama'a yake nufi.

Shi ma makirufo biyar ɗin yana da nasa tarihi. Ɗaliban jami'ar Harvard biyu, David Mays da Jon Shecter, suka kafa The Source a 1988. A ma'auninta, biyar na nufin aikin ya shiga tarihi, abin da a al'ada shekaru ne ke tabbatarwa. Tun 1991 ba ta ba kowa biyar ba. Ko The Chronic na Dr. Dre ɗan yankin Los Angeles, wanda ya fito a ƙarshen 1992 ya juya kasuwar gaba ɗaya, huɗu da rabi ya samu. Sai ga sharhin wata matashiyar marubuciya, Minya Oh, da ta sa hannu da laƙabin Shortie, ya ba yaron da bai taɓa fitar da kundi ba cikakken maki. Ga 'yan New York wannan shela ce cewa sarauta ta dawo gida. Ga 'yan Los Angeles da kewaye, hujja ce cewa mujallar tana fifita 'yan garinsu, kuma ƙorafin nasu yana da tushe, tunda daga baya ita kanta mujallar ta koma ta cika wa The Chronic biyar. 'Yan kudu ma suna da tasu. Mako guda bayan Illmatic, ƙungiyar OutKast ta Atlanta ta fitar da nata kundin farko, ya kuma kai miliyan cikin kusan shekara ɗaya, amma da suka hau dandali karɓar kyauta a bikin The Source na 1995 a New York, ihun raini aka yi musu. Ke nan wani kaso na martanin da Illmatic ya samu, na so da na ƙi, ba shi da alaƙa da waƙoƙin. Rikicin yanki ne ya faɗa a kansa.

Wani kason kuma na sauti ne tsantsa. Abin da rediyo da MTV suke so a 1994 shi ne kiɗan da Dre ya shimfiɗa: mai santsi, mai faɗi, da amshin da kowa zai iya rerawa a mota ko a wurin biki. Illmatic ya zo da ganga mai ƙura da guntayen tsofaffin faya-fayan jaz, amshinsa gajeru, wani lokaci ma 'yan kalmomi ne da DJ ke karta a kan faifai. Ko "It Ain't Hard to Tell", wadda aka ɗora a kan wani yanki na waƙar Michael Jackson don ta ja kunnen rediyo, baitoci ne cunkushe daga farko har ƙarshe. Babu ko ɗaya cikin waƙoƙin kundin da ta kusanci saman jadawali. A watan Satumba na shekarar sai Notorious B.I.G. ya fitar da Ready to Die, wanda ya haɗa labarin titi mai ɗaci da waƙoƙi biyu ko uku da Puff Daddy ya tsara musamman don rediyo. Ya yi wa Nas fintinkau a ciniki, kuma shi aka fara kira sarkin New York. Sai a Janairun 1996 Illmatic ya kai kwafi dubu 500.

To me waɗanda suka kamu suka ji? A ɗauki waƙa ta biyu, "N.Y. State of Mind". DJ Premier ya yanko 'yan sautukan piyano masu duhu daga faifan Joe Chambers, ya sa suna maimaita kansu a ƙasa, da wani siririn ƙara a sama kamar na na'ura. Kafin baitin ya fara za ka ji Nas yana gunaguni cewa bai san yadda zai fara ba. Premier ya sha faɗa cewa wannan ba shiri ba ne: yaron yana kallon takardarsa, shi kuma yana yi masa alama da hannu cewa lokaci ya yi, sai ya ɗago ya shiga, ya kai baitin farko ƙarshe a ɗauka guda. A cikin baitin ana musayar wuta, bindigar mai ba da labarin ta cije, ya duba ya ga harsasai sun maƙale, ya ruga zauren bene, ya tarar da shi cike da yara. Ba ya tsayawa ya ce maka abin tausayi ne ko abin tsoro. Yana nuna maka yaran ya wuce. Wannan ɗabi'a ta zuba ido a kan ƙaramin abu ita ce ta kama mutane da yawa, domin a lokacin an saba jin mawaƙi yana kirarin kansa a matsayin wanda bindigarsa ba ta taɓa cijewa.

Sai kuma ƙirar baitin. Masu nazarin rubutacciyar waƙar Hausa suna bambanta amsa-amon waje da amsa-amon ciki, suna kuma da sabi-zarce, inda jimla ke ƙetarawa daga ɗango zuwa ɗango. Wanda ya san waɗannan ya riga ya sami ƙofar shiga. Nas yakan sa kalmomi su amsa juna a tsakiyar ɗango ɗaya, gaɓa biyu ko uku a jere, sannan ya zarce da jimlar ba tare da ya tsaya inda ganga ta tsaya ba, ya sauko daidai can gaba kamar bai taɓa kaucewa ba. Ba shi ya fara ba. Rakim da Kool G Rap sun riga shi. Abin da ya ƙara shi ne ya sa wannan gwaninta ta ɗauki labari ba tare da ta danne shi ba, muryarsa kuma a kwance, babu ɗaga jijiyar wuya.

Waƙar da na fi komawa gare ta ita ce "One Love". Q-Tip ya haɗa kiɗan da sautin wani ɗan kayan kiɗa na Afirka mai ƙarafa da ake taɓawa da babban yatsa, daga faifan Heath Brothers. Baitoci biyu na farko wasiƙu ne zuwa ga abokai da ke gidan yari. Yana gaya wa ɗaya cewa an haifa masa ɗa, yana gaya masa wanda aka harba da wanda ya shiga sayar da ƙwaya, cewa budurwarsa ta koma hulɗa da abokan gabarsa, cewa mahaifiyarsa tana kuka. A baiti na uku yana zaune a benci da wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba, yaron yana ba shi labarin harbin da ya yi, shi kuma yana neman kalmar da zai ja masa kunne da ita alhali shi kansa bai fita daga wannan rayuwar ba. A ƙasar da dokokin ƙwaya suka cika gidajen yari da samari baƙaƙe, akwai dubban gidaje da ake rubuta irin wannan wasiƙa. Su ba sa buƙatar mujalla ta fassara musu. A ƙarshen waƙa ta uku kuma, wadda ya yi da AZ, baƙon mawaƙi ɗaya tilo da ya yi baiti a kundin, mahaifin Nas, Olu Dara, ne ke busa ƙaho. Olu Dara makaɗin jaz ne haifaffen Mississippi da ya ɗauki sunan Yarabawa, kuma shi ya ɗauki hoton Nas yana ɗan shekara bakwai, wanda aka ɗora a kan hoton unguwar aka yi bangon kundin.

Rukunin masu sauraro da ya fi tasiri, a ganina, shi ne na mawaƙa 'yan'uwansa. Su ba sa rubuta sharhi, a aikinsu ake ganin martaninsu. Jay-Z ya yanko muryar Nas daga "The World Is Yours" ya yi amshin wata waƙarsa ta 1996. Raekwon da Ghostface na ƙungiyar Wu-Tang sun yi habaici a kundin 1995 ga wanda suka ce ya kwaikwayi bangon Nas, kowa kuma ya fahimci da B.I.G. suke, tunda shi ma hoton jariri ya sa. Salon rubutu a New York ya canja cikin shekara biyu, baitoci suka ƙara cika, labarai suka ƙara zama na gani da ido. Har tsarin aikin ya canja. A da, al'ada ita ce mawaƙi da mai haɗa kiɗa ɗaya su yi kundi tare, kamar Eric B. da Rakim ko Gang Starr. Illmatic ya tara Premier da Pete Rock da Large Professor da Q-Tip da L.E.S. a wuri guda, kowa yana jin abin da ɗan'uwansa ya kawo yana komawa ya ƙara gyara nasa. Kamfanoni suka ɗauki wannan a matsayin dabara: a tara manyan sunaye, a biya kowa, a haɗa. Akwai masu sauraro na gaske da har yau suke ɗora wa Illmatic laifin kundayen da suka biyo baya masu kama da tarkace, kowace waƙa da fuskarta. Ina ganin ƙorafin yana da gaskiya a kan abin da ya biyo baya, sai dai abin da ya haɗa kan Illmatic shi ne dukan masu kiɗan suna aiki a gari ɗaya, suna tono a akwatunan faya-fayai iri ɗaya, suna yi wa murya ɗaya aiki. Wannan ne kamfanoni ba su iya saya ba.

Daga nan yabon ya fara zama kaya a kan mai shi. Nas ya ga abokan tafiyarsa suna kuɗancewa, shi kuma yana riƙe da kirari. Ya ɗauki Steve Stoute manaja, ya koma aiki da masu haɗa kiɗa Trackmasters, a Yulin 1996 ya fitar da It Was Written, da Lauryn Hill tana rera amshin babbar waƙarsa. Kundin ya shiga a matsayi na ɗaya, ya sayar da sama da kwafi dubu 250 a makon farko, kuma har yau shi ne ya fi ciniki cikin ayyukansa. Nan take masoyan farko suka ce ya watsar da asalinsa ya bi kasuwa. Wannan martani yana ba ni haushi, domin cikin masu wannan zargi akwai da yawa da ba su taɓa sa kuɗinsu sun sayi na farkon ba. Sun so ya ci gaba da zama ɗan shekara 20 a bencin Queensbridge, yana rubuta musu wahalarsa. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: akwai tsara guda, a Amurka da wajenta, da ta fara sanin Nas ta It Was Written, kuma cikinsu akwai masu fifita shi a kan Illmatic har gobe, da hujjarsu cewa labaransa sun fi tsari kuma kiɗansa ya fi daɗin kunne.

A Satumban 2001 Jay-Z ya mayar da wannan kaya makami. A waƙar zambonsa "Takeover" ya lissafa ayyukan Nas ya ce a shekara goma kundi ɗaya kaɗai ya yi mai kyau. Zagi ne, amma a cikinsa akwai sallamawa: ko abokin gaba bai iya taɓa Illmatic ba. Nas ya mayar da martani da "Ether", ya sa wa sabon kundinsa suna Stillmatic, wanda ya fito a Disamba. A wannan watan ne aka tabbatar Illmatic ya kai kwafi miliyan ɗaya, shekara bakwai da wata takwas bayan fitowarsa. Rigimar ta sa matasan da suke firamare a 1994 suka koma neman abin da ake faɗa a kansa.

Abin da ya biyo baya shi ne shigar kundin hannun hukumomi. A 2013 jami'ar Harvard ta kafa tallafin bincike da sunan Nasir Jones. A 2014, cikarsa shekara 20, aka yi fim na tarihinsa, Nas kuma ya rera shi gaba ɗaya tare da ƙungiyar makaɗan ƙasa a cibiyar Kennedy da ke Washington. Mujallar Rolling Stone, a jerin kundaye 500 da ta fi ɗaukaka, ta ɗaga shi daga na 314 a 2012 zuwa na 44 a 2020. A Maris na 2021 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin sautukan da ƙasa za ta adana. A watan ne kuma Nas ya karɓi kyautar Grammy ta farko a rayuwarsa, kan wani kundin daban. Illmatic bai taɓa shiga takarar ba, domin ma rukunin kundin gambara mafi kyau sai a 1996 aka fara bayar da shi.

Duk wannan ya haifar da sabon mai sauraro, wanda ke zuwa da labari kafin ya ji sauti. An gaya masa zai ji abin da zai girgiza shi. Ya danna, ya ji minti ɗaya da wani abu na ƙarar jirgin ƙasa da hirar samari, sannan ganga mai sauƙi da mutum yana magana da sauri. Ya ce, shi ke nan? Ba na ganin laifinsa, kuma dalilan a bayyane suke. Abin da ya zama sabo a 1994 an kwaikwaye shi har ya zama ruwan dare, don haka ya riga ya ji jikokin salon kafin ya ji kakansu. Kunnensa kuma ya tashi a kan kiɗa mai nauyin ƙasa da murya mai lanƙwasa da na'ura, inda daɗin yake cikin rauji fiye da kalma. Kamar wanda ya girma da miyar magi ne aka zuba masa ta daddawa zalla: loma ta farko zai ce ba a sa komai ba. Ga yanayin sauraro ma ya canja. An tsara kundin ne da fuska biyu na kaset, aka ba kowace fuska sunan ɓangare ɗaya na unguwar, arewa da kudu, don a ji shi a jere. Yau waƙa ɗaya ake tsinkowa a cikin jerin ɗaruruwa, ana tafiya ana duba saƙo. Baitin Nas kuwa ba ya jure rabin hankali.

Ga Bahaushe akwai ƙarin katanga, wato harshe. Turancin Illmatic karin maganar samarin Queens ne na farkon shekarun 1990, da laƙabobin 'yan sanda da na ƙwaya da na gidajen yari, da wasu kalmomi na ƙungiyar Five Percent, wadda ta ɓalle daga Nation of Islam kuma aƙidarta ta yi nesa da Musuluncin da muka sani. Ko Ba'amurke na yau sai ya buɗe shafin fassarar baitoci. Wanda Turancinsa na makaranta ne zai iya jin gudun harshen ya yaba, amma rabin abin yana wuce shi. Sunan Nasir kuma kan sa wasu su yi zaton wani abu daban, sai su tarar da ashar da wiwi da giya da bindiga. Wanda ya rufe a nan saboda tarbiyyarsa, yana da haƙƙinsa, kuma ba zan ce masa babu abin ƙi a ciki ba. Akwai wuraren da yaron yake alfahari da abin da bai kamata ba. Abin da zan ce kawai shi ne kusan duk inda ya yi alfaharin, sakamakon yana nan kusa: gawa, ko ɗauri, ko uwa mai kuka, ko rashin barci. Masu gambarar Hausa kuma sun san wannan gardama a gida, tsakanin mai son a ji nauyin baiti da mai son waƙar da za a taka a biki, kuma sun san wanne ne ake kira wasa.

Akwai sukar da nake ganin masoya kundin suna gudun ta ba bisa ƙa'ida ba. Mata kusan babu su a Illmatic. Idan sun fito, uwa ce mai hawaye, ko budurwa maciya amana, ko abin sha'awa da aka ambata aka wuce. Unguwar da ta haifi Roxanne Shanté, wadda mata ne suka riƙe yawancin gidajenta a shekarun da maza ke ɗaure ko a kabari, ta fito a kundin tamkar filin samari kaɗai. Mai sauraro mace da ta ce ta yaba gwanintar amma ba ta ga kanta a ciki ba, gaskiya ta faɗa. Haka nan ba duka waƙoƙin ne suke daidai ba. Ko cikin masoya na ƙwarai da yawa sun yarda "One Time 4 Your Mind" ba ta kai sauran ba. Amma da zarar an ce kundi ba shi da aibi, faɗin irin wannan sai ya zama kamar saɓo, sai matashi ya koyi cewa hanya mafi sauƙi ita ce ya yaba ko bai ji komai ba. Na fi amincewa da wanda ya ce ya saurara sau uku bai kamu ba, ya kuma faɗi inda ya gaji, a kan wanda ya haddace cewa Illmatic ne na ɗaya amma ba zai iya ba da labarin baiti guda ba. Shi kansa Nas ya faɗa a wata hira a 2019 cewa ya gaji da bukukuwan tunawa da kundin, ko da yake yana godiya.

A Nuwamban 2022, 'yan kwanaki bayan Nas ya fitar da sabon kundi yana da shekara 49, mawaƙin Atlanta 21 Savage ya ce a wata hira ta manhajar Clubhouse cewa Nas ba ya cikin waɗanda ake yayi, masoya masu amana kawai yake da su. An yi masa ca a intanet, tsofaffin masoya suna kiransa mara kunya da jahilin tarihi. An haifi 21 Savage a Oktoban 1992, yana da shekara ɗaya da rabi lokacin da Illmatic ya fito, ya kuma girma a garin da New York ta yi wa ihu a 1995. Abin da ya faɗa shi ne yadda abin yake a kunnen tsararsa, kuma ya fito ya ce bai yi nufin raini ba. Nas bai shiga cikin masu zagin ba. Kafin watan ya ƙare su biyun sun shiga situdiyo da mai haɗa kiɗa Hit-Boy, suka fitar da waƙa tare mai suna "One Mic, One Gun", kowa ya yi baitinsa da salonsa.